Ta ina ake fara koya wa ɗalibin likitanci ɗaukar hoto?

Mai Alli:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Sashenmu ya buɗe kwas ɗin zaɓi na ɗaukar hoto, yunit biyu, ga ɗaliban da ba na zane-zane ba, cikin kashi 30 ɗin nan da sabuwar manhajar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta bar wa kowace jami'a ta cike da kanta. Ni aka ɗora wa. Cikin waɗanda suka yi rajista akwai 'yan likitanci, 'yan shari'a, 'yan aikin gona, 'yan lissafi, har da 'yan Larabci. Kyamarorin sashe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ɗaya ma batirinta ya mutu. Waya dai kowa yana da ita. Shugaban sashe ya ja mini kunne cewa fasaha zan koyar, ba sana'ar hoton biki ba. To ta ina zan kama? Da kyamarar zan fara ko da tarihin abin?

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Malam, da kyamara za ka fara, babu wata magana. Mu da muka tashi a zamanin fim, ɗauka 36 ce a nadi ɗaya, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. In ka ɓata, kuɗinka ka ƙona. Shi ya sa dole muka san abu uku: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da shota ke buɗe, da ƙarfin fim ɗin, wato ISO. Rana tsaka tana ƙwallewa, ka sa ƙofar a lamba f/16, fim mai ISO 100, shota 1/125 na daƙiƙa, ka rufe ido ka danna, zai fito. Yaron da bai san wannan ba, wayar ce ke ɗaukar hoton, shi riƙe mata kawai yake yi.

Hajiyar Jarida:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma in Malam ya bi wannan hanya rabin ajin za su gudu kafin sati na uku. Na koyar da hoton jarida, na ga yadda ake yi. Ka cika allo da f/2.8 da f/16, su haddace, su zubo maka a jarrabawa, su ci A, hotunansu kuma ba su canza ko kaɗan ba. Ga shi yawancin wayoyi ƙofar haskensu a kafe take, ba ta buɗuwa ba ta rufuwa. Kana koya musu juya abin da babu shi a hannunsu.

Matsalar ɗalibin nan ba na'ura ba ce. Yana ɗaukar hoto kullum, wataƙila ya fi Baba yawan dannawa a sati. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya tsaya ya dubi gefen firam kafin ya danna, ya ga bokitin da ke bayan mutumin, ya ga falwayar da ta tsiro daga hularsa.

Baba Mai Hoto:
Hajiya, na ji. Amma bari in tambaye ki. Ɗalibinki ya je ɗaurin aure, ga ango baƙin mutum cikin farar shadda, ƙarfe goma sha biyun rana. Ya ɗauka, riga ta fito tas, fuska ta koma duhu sai haƙora. Me za ki ce masa? Ya ƙara dubawa?

Daktan Fiziks:
Nan Baba ya kama ki, Hajiya. Abin da ke faruwa shi ne ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa toka-toka, tsaka-tsaki. Da ya ga farin yadi ya cika firam sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuska ta tafi. Kuma ba yau aka fara ba. Shekaru da dama katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita kala hoton baturiya ne a jiki, da fatarta ake auna komai. Maganin a waya mai sauƙi ne: ka taɓa fuskar a allo, ka ɗan ja hasken sama, ko ka janye mutumin zuwa bakin zaure inda inuwa take amma haske na shigowa ta gefe.

Ni dai, Malam Mai Alli, ga abin da zan yi a lakcar farko da ni ne. Ka samu aji mai taga ɗaya da ke kallon fili. Ku toshe ko'ina da baƙar leda da selotef har ya zama ba a ganin tafin hannu. Ka yanke rami a ledar tagar, faɗin kwabo ko ƙasa da haka. Ku zauna shiru minti biyar ido ya saba. Za su ga bishiyoyi da masu wucewa suna tafiya a jikin bango, kai a ƙasa. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi zama a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a Kitabul Manazir shekara dubu da ta wuce, ya kuma kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da shi ba. Turawa sai a 1839 Daguerre ya bayyana hanyar kama wannan hoton ya zauna a kan faranti. Ka ga 'yan Larabcinka ma sun samu nasu. Bayan sun shiga cikin kyamara da ƙafarsu, bayanin ƙofa da shota minti ashirin ne: ka faɗaɗa ramin su ga hoton ya ƙara haske amma ya rasa kaifi.

Hajiyar Jarida:
Wannan na yarda da shi, Dakta, don gani ne ba hadda ba. Baba, ban ce kada a koyar da haske ba. Cewa na yi a bari sai yaro ya kawo hoton angon da ya lalace, ransa ya ɓaci, sannan a ba shi maganin. A ranar zai riƙe.

Ɗan Damagaram:
Ku gafarce ni, ni maganar shugaban sashen ce ta tsaya mini, wai fasaha ba hoton biki ba. Malick Sidibé na Bamako me yake yi in ba hoton biki ba? Da dare ya bi gidajen rawa da shagulgulan samari da kyamara da filasha, ya dawo ya wanke kafin gari ya waye, ya manna ƙananan a jikin kwali, masu biki su zo su zaɓi wanda za su biya. A 2007 babban baje kolin fasaha na Venice ya ba shi kyautar Zakin Zinariya ta aikin rayuwa, shi ne mai hoto na farko da ya samu. Seydou Keïta kuwa studiyo ya buɗe a 1948, a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zane mai ado a baya, ya ara wa mutum rediyo ko agogo ko Vespa ya riƙe. Yawanci sau ɗaya yake dannawa kowane mutum saboda tsadar fim. Da aka nuna hotunansa a New York a 1991 ko sunansa ba a sa ba, an rubuta ba a san mai ɗauka ba, sai daga baya aka bi sawu har Bamako. Mu ma nan Nijar muna da Philippe Koudjina da ya ɗauki daren Yamai bayan samun 'yancin kai.

Saboda haka Malam, ka ce kowane ɗalibi ya je gida ya tono tsohon hoton studiyo na iyayensa ko kakanninsa, irin mai labulen fulawa da tebur da wayar tarho da ba a jona da komai ba. A ajiye shi gefen na Keïta a majigi, a tambaye su: wa ya zaɓi tsayuwar nan? Me ya sa hannun ke kan rediyo? Me mutumin ke so jikokinsa su ɗauka game da shi? Ka riga ka shiga fasaha ba tare da ka kira sunanta ba.

Mai Alli:
Wallahi Ɗan Damagaram wannan ta shige ni. Zan kai wa oga ita, amma a hankali.

Likitan Gobe:
Malamaina ku yi haƙuri, ɗalibi ne ni, an sa ni a zauren ne saboda ƙungiyar masu hoto ta makarantarmu. Zan faɗi gaskiyar abin da ke ran irinmu. Yawancinmu muna ɗaukar irin wannan kwas ne don mun ji ana cin A cikin sauƙi, a ɗaga GP, wato matsakaicin maki. In Malam ya ce "ku je ku ɗauko abin da ya burge ku", na rantse abu uku zai samu: faɗuwar rana, fure da raɓa, da almajiri riƙe da kwano. Kuma a daren da za a miƙa za a ɗauka, ko a tono daga tsofaffin da ke waya a ɗora filta.

Sannan akwai abokaina biyu da suke so su yi amma suna tsoron hukuncin hoto a addini. Ɗaya ya ce in dole sai ya ɗauki mutum, zai ajiye kwas ɗin.

Alaramma Na Bayan Layi:
Ɗana, tsoron nasu ba abin dariya ba ne, kuma kada Malam ya yi musu gatse a aji. Malamai sun saɓa. Shaihu Bin Baz yana ganin haramci ga hoton mai rai sai da larura, irin fasfo da katin shaida. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, da ya yi muftin Masar, ya rubuta risala kan halaccinsa, yana cewa tsare inuwa ne kawai kamar abin da madubi ke nunawa, ba ƙaga sura ba. Shaihu Usaimin ma ya bambanta hoton na'ura na nan take da zanen hannu, ya mayar da hukuncin ga manufar da aka ɗauka dominta. Ajin hoto ba wurin yanke wannan ba ne. Abin da ya dace, Malam ya faɗa tun ranar farko cewa ana iya gama kwas ɗin a ci cikakken maki ba a ɗauki mai rai ko ɗaya ba. Ga zanen bangon gidajen Zariya da Kano, ga ƙofofin ganuwa, ga alluna jingine a bangon tsangaya, ga rumbuna, ga karofin Ƙofar Mata. Wanda ya ce wannan bai ishe shi semista ba, bai duba ba ne.

Hajiyar Jarida:
Allah ya gafarta Malam, ka sauƙaƙa. Ni kuma bari in tsaya kan almajirin da Likita ya ambata, don nan ne raina ke ɓaci. Me ya sa kowa ke fara wa da shi? Don shi ne ba zai ce a'a ba. Ɗalibin da ba zai iya ɗaga waya a fuskar Alhaji mai kanti ba, zai tsuguna a gaban yaro ɗan shekara bakwai ya ɗauke shi, ya mayar da hoton baƙi da fari, ya rubuta kalmar tausayi a ƙasa, ya kwashi yabo a Instagram. Yaron bai san inda fuskarsa ta je ba.

Ina nuna wa ɗalibaina hoton Kevin Carter na 1993, na yaron nan da yunwa ta kayar a kudancin Sudan ga ungulu a bayansa. Ya ci kyautar Pulitzer a 1994, a shekarar kuma ya kashe kansa. Ba na gaya musu ko ya kyauta ko bai kyauta ba, su nake bari su yi ta musu, kuma 'yan likitanci da 'yan shari'a sun fi kowa zafi a ranar, don neman izinin mara lafiya da haƙƙin mutum karatunsu ne. Daga nan sai in nuna musu aikin Fati Abubakar ta Maiduguri. Aikin jinya ta karanta, ta ƙara da lafiyar al'umma, ba ta fito daga sashen zane ba. A 2015 ta fara shafin hotunanta na Bits of Borno, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da sansani. Ta ɗauki 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar Sallah, kuma tana tsayawa ta yi hira da mutum ta rubuta abin da ya ce. Dokata a aji: in ka kawo fuskar mutum, sai ka gaya mini sunan da ake kiransa da abu ɗaya da ya faɗa maka. In yaro ne, wa ya ba ka izini?

Baba Mai Hoto:
A nan kam ba mu da faɗa. Kuma a gaya musu su kiyayi bariki da shingen jami'an tsaro da bakin banki. Kada a je neman maki a kwana a sel.

Na Samaru:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni zane na karanta a Zariya, kuma ina da ƙorafi kan tafiyar gaba ɗaya. Mu shekara huɗu muka yi ana horar da idonmu, awa nawa muna zana tulu ɗaya. Yanzu a ce sati goma sha biyu, awa biyu-biyu, ɗan aikin gona ya fito yana cewa ya yi fasaha? Ku kira shi kwas ɗin iya amfani da kyamarar waya, ba wanda zai yi magana.

Daktan Fiziks:
Na Samaru, 'yan zane ma ana tilasta musu kwas ɗin kimiyya na gama-gari, wato GST, ba mu taɓa cewa sun zama masana fiziks ba, ba mu kuma ce a canza wa kwas ɗin suna ba. Sannan tarihi ba ya bayanka. Shahararren mai hoton nan Sebastião Salgado masanin tattalin arziki ne, yana aiki a hukumar kofi ta duniya a Landan, sai a 1973 ya ajiye ya rungumi kyamara, kuma ana ganin ilimin nasa a yadda ya ɗauki hotunan ma'aikata da na yunwar Sahel ta 1984 da 1985. Littafin farko da aka yi da hotuna, Anna Atkins ce ta fitar a 1843, mai nazarin tsirrai ce, ciyayin teku take son ta adana.

Na Samaru:
Dakta, mutum biyu ka kawo cikin miliyan nawa? Kuma Salgado rayuwarsa ya ba abin, ba yunit biyu ba.

Hajiyar Jarida:
Ba wanda ya ce za a yaye Salgado. Amma akwai abu ɗaya da sati goma sha biyu ke iya koyarwa, kuma shi ne zuciyar aikin: zaɓe. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan dubu. Bango fari, yawanci daga ƙeya, babu wani ado. Hoto ɗaya a ciki kitso ne kawai. Ka jera ashirin sai ka ga gini, ka ga lissafi, ka ga zamani na canzawa. Malam Mai Alli, ka hana su yawo. Kowa ya zaɓi abu ɗaya tak tun sati na uku, ya zauna a kansa har ƙarshe. 'Yar aikin gona ta bi kunya ɗaya ta gero, ko hannayen masu sussuka. Ɗan lissafi ya bi zanen huluna. Ɗan shari'a ya bi bencin da ake jira a bakin kotu, daga waje. Duk sati ya ɗauki hamsin, ya kawo uku, ya faɗi dalilin da ya zubar da arba'in da bakwai. A nan ake gumi. Za ka ga yaro ya rungume hoton da ba shi da kyau don ya sha wahala kafin ya same shi, sai ajin ya nuna masa cewa wahalar ba ta fito a hoton ba.

Wannan kuma yana kashe satar da Likita ya faɗa. Ba za ka tono kunya ɗaya ta gero a sati takwas daban-daban daga tsofaffin hotunan waya ko intanet ba.

Likitan Gobe:
Hajiya kin rufe mana ƙofa ke nan.

Mai Alli:
To ga inda na fi jin tsoro: maki. Ɗalibi ya zo ya ce Malam me ya sa ka ba ni C ka ba wance A, alhali wayata ta fi tata? In na ce nata ya fi taɓa zuciya, gobe takardar ƙorafi tana teburin shugaban tsangaya.

Baba Mai Hoto:
Shi ya sa na ce a koma kan abin da ake aunawa. Hoto ya fito garau ko ya girgiza? Haske ya ƙone ko ya daidaita? Wannan ko a kotu za ka kare shi.

Na Samaru:
Baba, in haka ne mai iPhone ya ci A tun kafin ya shigo aji, mai ƙaramar Tecno ya faɗi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sashenmu haka ake yi tun fil azal: a kafe aiki a bango, malamai biyu ko uku su zagaya, kowa ya ba da makinsa, a raba. In za ku kira shi fasaha to ku auna shi yadda ake auna fasaha, kada ku ɓuya a bayan lambobi.

Hajiyar Jarida:
Kai da ka ce ba fasaha ba ne, yanzu kai ke ba mu ma'auni.

Na Samaru:
Ban janye ba. Na ce in.

Ɗan Damagaram:
Ku raba shi mana. Kaso mafi girma a kan abin da ba ya buƙatar gardama: ya kawo aikinsa duk sati? Ya nemi izini? Ya yi magana kan aikin wasu? Hoton satin ƙarshe ya fi na satin farko a kan abu ɗayan da ya zaɓa? Ragowar a bar wa bango da malamai uku, yadda Na Samaru ya ce. Kuma a wanke hotunan ƙarshe a takarda, girma ɗaya ga kowa. A takarda tazarar da ke tsakanin waya mai tsada da mai araha tana raguwa sosai, abin da ke cikin firam ɗin ne ke fitowa.

Daktan Fiziks:
In kuɗin wanki ya yi yawa, akwai dabarar da Anna Atkins ɗin ta bi ta yi hotunanta, sati ɗaya dai don su taɓa da hannu. Sinadari biyu ne, ferric ammonium citrate da potassium ferricyanide, 'yan kemistiri sun san su. A gauraya, a shafa wa takarda mai kauri a inuwa, ta bushe, a ɗora ganye ko leshi ko nagetif da aka buga a leda mai haske, a danne da gilashi, a shanya a rana kamar minti goma zuwa ashirin, a wanke da ruwa zalla. Shuɗi ne mai zurfi, ka ce daga karofi aka tsamo, ko da yake wannan na ƙarfe ne, ba baba ba. Ranarmu ta fi ta Ingila inda masanin kimiyya John Herschel ya ƙirƙiro dabarar a 1842, sai dai a gwada lokacin tukuna.

Mai Alli:
Na gode ƙwarai. Ɗakin duhu a satin farko, tsofaffin hotunan gida a na biyu, daga nan kowa ya kama abu ɗaya. Baba, zan roƙe ka ka zo sati na huɗu ka yi musu maganar ango da farar shadda, da tsohuwar kyamararka in tana nan. Na Samaru, kai ne malami na biyu a ranar bango, kada ka ce ba ka ji ba.

Na Samaru:
Zan zo, amma ba na ba da A don an yi ƙoƙari.

Baba Mai Hoto:
Yashica tana nan, fim ɗin ne sai an aiko daga Legas. Wane wata ne sati na huɗun? In ya faɗa cikin hunturu ka sa mana lakcar da safe, a fita waje. Hazo yana tace rana, fuska ba ta yin inuwa mai kaifi, amma ka ce kowa ya zo da ƙyalle mai laushi, ƙura na cin gilashi.

Mai Alli:
Farkon Disamba ne in ba a tafi yajin aiki ba. Ƙarfe takwas ya yi?

Baba Mai Hoto:
Bakwai da rabi. Zuwa tara hasken ya tashi.